Jan Layi

Sha ɗaya na dare a Valparaiso.
Mun kife kujeru a kan tebura,
Baba Baltasar yana kankare tukunyar ƙarshe,
ni kuwa na ɗora kwamfuta a kan buhun albasa
don teburin lissafi ya nutse cikin rasit.

Tun da hawan tudun nan ya gagari gwiwoyin tsofaffi
sai suka koma kiran waya.
Baba ya ce, "Griselda, yi mana takarda,
wadda za a cusa a leda tare da cokali,
kowa ya manna a ƙofar firjinsa."

Farin shafi ya zuba mini ido.
Ɗan baƙin tsinken nan yana ƙiftawa, yana ƙiftawa,
kamar mai bin bashi da ya ƙi zama.

Na kwantar da shafin a gicciye,
na tsaga shi gida uku.
Gidan farko sunanmu da lambar waya,
na biyu abin da teku ta bayar,
na uku abin da tanda ta gasa.

Farashi suka ƙi tsayawa a sahu.
In na tura empanada dama, cazuela ta zame hagu,
in na jawo cazuela, shinkafa ta faɗa shafi na biyu.
Sai da na koyi shuka ɗigo
tsakanin suna da kuɗi,
jerin tururuwa masu jan peso zuwa rami ɗaya.

Haruffa masu jela sun burge ni.
Baba ya sa tabarau, ya cire, ya hura, ya mayar.
"Tsohuwa Herminia ido ɗaya gare ta, shi ma sai da rana.
Ba ta baƙaƙe masu ƙafa a ƙasa."

Kifi ya hau, gas ya hau,
na ƙara ɗari biyar a kan soyayye.
Ya tsaya a bayana yana numfashi har na goge.
Da ya juya wajen famfo na mayar da ɗari biyu.
Ya gani a gilashin taga. Bai ce komai ba.

Saura miya ɗaya.
Ta kan kifi da kabewa da busasshen burodi,
wadda mahaifiyata Eulalia ta haɗa
a shekarar da jiragen ruwa suka daina tsayawa,
masu dako suka raɗa mata suna Ulalita.
Na buga shi.
Na'ura ta ja masa jan layi mai karkarwa,
wai ba ta san wannan kalma ba,
har tana miƙo mini wasu in zaɓa.

Shekara ashirin da bakwai tana tafasa a kicin ɗin nan.
Shekara biyu ke nan mai ita tana kwance a tudun da ke kallon teku.

Baba ya matso da kumfa a hannu.
"Me ya sa aka yi mata ja?"
Na ce baƙuwa ce a wurinta.
Ya yi shiru, kumfa na ɗiga a kan albasa.
Ya ce, "To, ki gabatar da su."

Na danna, na shigar da ita ƙamus.
Jan layin ya ɗauke.

Firinta ta yi tari, ta tofo ta farko,
bayanta a kife, teku a sama, tanda a ƙasa.
Ta biyu tawada ta yi mata gemu.
Ta uku ta fito da ɗumi kamar burodi.

Baba ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya karɓa.
Ya ninke ta uku, bai bi layina ba,
sai miyar ta dawo fuskar gaba.
Na buɗe baki in gyara masa,
na ga babban yatsansa a kan sunan.

Muka ninke sauran tamanin haka, a karkace.