Keke na Goma Sha Bakwai

Keke na goma sha bakwai, layin aljihu,
yanzu wata yarinya ce daga Mafeteng ke kansa.
Hannunta da sauri. Ba ta san ki ba, Puseletso.
Ba ta san wadda ta manna hoton ɗan rago a jikin fitilar ba,
ni kuma ban faɗa mata ba.

Shekara shida muna ɗinka wanduna
don mutanen da ba za mu taɓa gani ba,
ke aljihu, ni zik.
Da tsakar rana mu fito ƙofar masana'anta a Maseru,
tuwon masara da ganye a roba ɗaya,
ƙanƙara fari fat bisa duwatsun Maloti,
ke cikin bargonki kina kwaikwayon tafiyar manaja
har sai na ƙware.

Sai tari.
Kika ce ƙurar yadi ce.
Sai bargon ya soma zagaye ki sau biyu.
Kika ce kewar Tšeliso ce,
yana can ramin zinariya a Welkom, sai Kirsimeti.
Na ce to.
Wannan "to" ɗin ce ke hana ni barci har yau.

Farin tantin gwaji na bakin titi duk Laraba.
Mukan wuce shi kai a sunkuye
kamar yana bin mu bashi.
Taku arba'in ne daga dutsen da muke zama.
Daga baya na ƙirga.

Ranar binne ki fasto ya ce doguwar jinya.
Kowa ya gyaɗa kai, aka ci nama, aka watse.
Babu bakin da ya iya ɗaukar kalmar ƙanjamau,
har da nawa.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
shafa wa naka ruwa.
Ni da ba ni da gemu, yatsa na miƙa.
Ɗigon jini, kwata ɗin awa, layi biyu.
Tun daga nan ƙwaya ɗaya duk dare, ƙarfe takwas,
shekara tara ke nan ban tsallake ba.
Na fara furfura, ƙawata,
furfurar da ke ma kina da rabo a ciki.

Limpho ta kai sha bakwai, da wushiryarki sak.
Jiya ta kawo siket in rage mata.
Na ɗinka aljihu daga ciki, ɗinki biyu, irin naki,
na zura kwaroron roba uku.
Ta rufe fuska, ta ce haba Inna!
Na ce rufe fuskar, amma bar mini kunnen a buɗe.
Na faɗa mata sunan abin da ya ɗauke ki,
na nuna mata kwalbar ƙwayoyina.
Ta daɗe tana juya ta a tafin hannu.

Laraba za mu je tare.
Na gaya mata ba nisa.