Halala Hamsin

A Jidda, ɗakin bene mai fanka ɗaya,
Malama Barira ta ciro halala hamsin:
gefe guda dabino, gefe guda lamba.

Nafi'u ya cilla.
Dabino. Dabino. Dabino kuma.
Ya daki ƙirji: "Hannuna da sa'a!"
"To, cika ɗari."

Zulai na jan alli a allo,
ginshiƙin dabino ya miƙe kamar hasumiya,
na lamba na rarrafe a baya.
Kafin kiran la'asar
sun kusa haɗa kafaɗa:
hamsin da biyu, arba'in da takwas.

Ya juya tsabar a tafinsa.
"Ashe ba ta tuna ukun farko?"
"Ƙarfe ne, ɗana.
Mu ke tunawa, shi ya sa muke zanawa."