'Yar Ƙofa Biyu

Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu,
da dogon hanci kamar kwalekwalen Rima.
Baba ya sayo ta shekarar da aka haife ni.
Ni na yi furfura,
ita ta yi tsatsa a gindin ƙofar hagu.

Ƙanena Modi ya ce a yi mata tiyata:
a cire injin, a dasa na Toyota,
a sa na'urar sanyi, a fesa baƙin fenti,
a ɗaura salansar da za ta tashi Mabera daga barci.
Na ce, in an yi duk wannan,
wa zan riƙa gaisarwa da safe?

Na kai ta Sahara, garejin Gidado.
Ya kara kunne a bonet kamar ungozoma,
ya daɗe bai ce uffan ba.
"Mi kaka so? Mota, ko tuna baya?
In mota ta, ga su nan birjik bakin titi.
Wagga kam tana da hali.
Kafireto biyu, kowane da ra'ayinai,
sai an lallashe su su sha mai tare."

Muka yi ciniki, ni da gaskiya.
Na yarda da sabon lagireto,
don zafin bazarar Sakkwato ba ya jin tarihi.
Na yarda da fanka, da birkin zamani,
don ina da jikoki.
Amma sitiyarin katako, inda babban yatsan Baba
ya ci rami, na ce kar a taɓa.
Jan fentin da rana ta mayar ruwan goro, a bar shi.
Agogon da ya tsaya a huɗu saura kwata,
shi ma.

Wata uku muna jiran wata 'yar roba
da ba ta kai ƙwayar dabino ba.

Ranar Asabar na kama hanyar Boɗinga.
Ta yi gyaran murya, ta miƙe,
giya ta uku ta shiga kamar cokali a fura.
Na manta ciwon gwiwa, na manta bashin Gidado.
Daf da Kwannawa, a hanyar dawowa,
ta yi tari biyu, ta yi shiru.

Modi ya iso cikin motarsa mai sanyi,
ya sauke gilashi rabi: "Ban faɗa maka ba?"
Ka faɗa.
Taka ba ta taɓa tsayawa ba,
shi ya sa ba ka san sunan mai shayin nan ba,
ko wannan tsoho mai buhun albasa
da ya ajiye kaya, ya shafa fitilarta,
ya ce ya san mai ita, dogo ne, mai son farar hula.

Na buɗe bonet, na zauna a inuwarsa.
In ta huce za ta tashi.
Haka Baba yake.