Awon Tela

Ni ne magatakardan majalisa,
alƙalamina ke kiwo a zancen manya,
ran Talatar nan ko numfashi bai yi ba.

Fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
kujeru sha uku, sha biyu suka cika,
na Dambo wai babur ɗinsa bai tashi ba.

Shugaba Alhaji Sidi ya zo da kansa,
ya buɗe fayil, ya gyara zaman hula:
"Lambatun Gyallesu, mita ɗari uku, an gama.
Saura cikon kuɗin ɗan kwangila,
ku sa hannu, ba abu ne mai wuya ba."

Sai Yalwa ya miƙe, kansilan unguwar,
shekara ashirin yana taka keken ɗinki
kafin ƙuri'a ta ɗauko shi daga rumfa.
Ya zaro tef daga aljihun gaba,
lambobin sun koɗe, amma bai tsinke ba.

"Ranka ya daɗe, jiya bayan la'asar
ni da yarona muka bi shi a tsugune,
daga bakin masallaci zuwa injin niƙa.
Sau uku na auna, gudun ɗaukar alhaki:
ɗari da ashirin. Daga nan sai rami,
sai ruwan da ya kwana a ɗakin Inna Delu,
har yau tabarmarta ba ta bushe ba.

Tela in ya ci yadi, riga ke tona shi.
Ina sauran? Ni dai ban gan shi ba."

Shugaba ya yi dariya iya leɓe:
"Haba Yalwa, tuta ɗaya muka ɗaga."
Ya ce, "Tuta ɗaya, ranka ya daɗe,
amma ba ta tare wa kowa ambaliya ba."

Hajiya Indo ta Tudun Wada ta ɗora:
"A kawo rasit. A kira injiniya.
Kamfanin nan, waye mai shi?
Mun ga hatimi, ba mu ga fuska ba."
Wani ya duƙufa kan wayarsa,
wani ya tuna bai yi alwala ba.

Kakaki ya ce a ɗaga hannu.
Na ƙirga: bakwai a sama, huɗu a cinya,
ɗaya ya tsaya sosa ƙeya,
na rasa gidan da zan sa shi,
don bai ƙi ba, bai kuma yarda ba.

An dakatar da biya sai kwamiti ya gani.

A baranda darakta ya ja ni gefe:
"Rubuta an tattauna cikin lumana."
Na ce to. Na koma kan teburina,
na rubuta ɗari uku, na rubuta ɗari da ashirin,
na bar su suna kallon juna,
ban ƙara musu ko wasali ba.

Da na fito, hadari ya haɗo ta Kufena.
Yalwa na bakin titi yana tsaida ɗan acaɓa,
motoci huɗu na abokan zamansa sun wuce,
ko ɗaya ba ta rage masa hanya ba.