Baƙon Da Ya Sauka Mai Wurno

Sama a share take kamar an wanke tasa,
wata bakwai ko ɗigo bai taɓa rufin ɗakina ba,
amma da asuba na gangara gaɓa da butata
na tarar kogi ya haye matakala biyu,
ya yi ja, ya yi kauri kamar kunun dawa.

Wa ya aiko shi? Ba mu ji tsawa a nan ba.
Batulu, 'yar ƙanena mai karatu a Sinnar,
ta ce, "Baffa, a Habasha aka tafka shi,
can kan duwatsu inda ake jan bargo
a watan da mu ke kwana tsakar gida.
Jan nan da ka gani ƙasar gonar wani ce,
ta baro mai ita, ta biyo ruwa."

Na ce, to, ita Habashar wa ya ba ta?

Ta tsinci kara, ta zana duniya kan rairayi,
ta ɗaura mata ɗamara a ƙugu.
"Nan rana ke tsayawa cak bisa kai,
ta ɗora teku kamar butar shayi kan garwashi.
Tururi ya tashi, gishiri ya zauna.
Iska ta goye shi, ta ratsa daji da shi,
sai dutse ya tare, sanyi ya matse,
abin da ya hau ya fara saukowa.

"Damina kuwa makiyayiya ce, Baffa.
Tana bin rana da garken gizagizai,
ta yi arewa, ta juya kudu.
Mu muna gefen makiyayarta, muna samun ragowa.
Wuce Hartum, sawunta ya fara ɓacewa.
A Dungula sai yaro ya yi wayo
bai san ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi ba,
dabino na shan abin da kogi ya kawo,
sama ba ta ce musu kanzil ba, ba ta ce wa kowa."

Na yi shiru ina duban zanen.
Wani layi nata ya taso daga yamma.
Na ce, wannan hanya ai na san ta.
Kakana Gwadabe ita ya biyo da ƙafa,
da sanda, da salka, da niyyar Makka,
shekara shida yana tafe yana noma guzuri,
ya iso bakin kogin nan gwiwa ta ce a'a.
Ashe girgije ma ɗan takari ne,
bai san inda zai yada zango ba ranar tasowa.

Sai dai lissafin ya fara ruɗewa.
Da, ubana kan dubi tururuwa ya ce a fiƙe iri.
Yanzu rani kan zauna kamar mai bin bashi,
ƙarfen famfo ya ƙi taɓuwa tun hantsi,
sannan ruwan wata guda ya zubo dare ɗaya.
Bara ya ci mini albasa kadada ɗaya da rabi,
ya tafi da katangar Sambo mai kwale-kwale.
Batulu ta ce tukunyar ce aka ƙara wa wuta,
waɗanda suka iza itacen suna nesa.
Ban amsa ba. Me zan ce da mutumin
da ban san sunan garinsa ba, balle gaisawa?

Na tsuguna na ɗebo, na bar laka ta kwanta.
Na wanke fuska da ruwan da ya kwana a teku,
ya yi sallama da dutse, ya ratsa gonar baƙo.
Ɗigo ya zubo daga gwiwar hannuna
ya faɗa kan dutsen wanki.
Kafin in shafi kai ya bushe.

Sauka lafiya, ɗan hanya.
In ka biya ta Sakkwato ka gaishe su,
ka ce muna nan gabas, sai wata saduwa.