Larabar Graciete

Shekara talatin da huɗu ina jan jirgin ƙasa
daga Porto zuwa Régua, in juyo,
ban taɓa kwana inda ba a san sunana ba.
Yau ga ni da taswirar birnin Fas a kan teburin cin abinci,
na danne kusurwa ɗaya da kwalbar man zaitun,
ɗayar da gwiwar hannu,
tituna sun cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta samu.

Graciete ta ce kwana shida.
Na ce biyar, kuɗin fansho ba ya haihuwa.
Ta yi shiru irin nata,
shirun da ya fi gardama tsada.
Kwana shida.

Na ja layi da rula, yadda aiki ya saba mini:
Litinin, tara da kwata, ƙofar birni mai shuɗin ado.
Sha ɗaya, majema. Sha biyu da rabi, abinci.
Talata, kasuwar maƙeran tagulla, minti arba'in.
Ta leƙo ta kafaɗata, hannunta na ƙanshin albasa:
"Abílio, minti nawa ka ware wa ɓatan hanya?"

Masauki kuwa, nan gizo ke saƙar.
A hoto kowane gida aljanna ne,
tsakar gida, itacen lemo, ruwa na tsiyaya a kwatarniya,
sai dai hoto ba ya ƙirga matakala,
ga gwiwarta ta hagu
da ke sanar da mu zuwan hadari tun kafin rediyo.
Na rubuta wa mai gidan da harshenmu,
waya ta juya shi zuwa nasu,
amsa ta iso ta sha wuya a hanya:
"Ɗakin ƙasa yana barci kusa da bishiya.
Uwata ta girmi matarka, kada ka ji tsoro."
Na karanta sau uku,
na tura kuɗin kafin alƙalami.

Saura harshe.
Shi ne ke tashi na tsakar dare.
Ni da muryata ke cika tasha,
in koma nuna burodi da ɗan yatsa, da furfurata?

Abdelhak mai kayan marmari a bakin layinmu,
shekara tara ina sayen lemonsa
ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.
Ashe can aka binne cibiyarsa.
Ya ture sikeli gefe,
ya rubuta mini kalma bakwai a bayan jakar takarda.
Akwai guda da ke fitowa daga can cikin maƙogwaro,
na gwada, ya yi dariya har ya dafa kwandon inabi,
ya ce in ƙyale ta,
in ɗora hannu a ƙirji kawai, za a gane.
Da na juya zan tafi ya kira ni,
murya ta yi ƙasa:
ko akwai wuri a akwatina na ɗan ƙunshi?
Yayarsa ce. Gidan ba shi da lamba.
Bayan gidan burodi, koriyar ƙofa, a tambayi Zhor.

Na dawo na tarar an taɓa mini jadawali.
Laraba ta tafi gaba ɗaya,
gidan tarihi, motar ƙarfe goma, duk an goge,
sai ɓurɓushin roba a kan takarda.
Na buɗe baki.
Ta ce koriyar ƙofa ba ta da lokacin isowa.

Da dare, bayan mun kashe fitila,
na ji ta tana maimaita kalmomin a hankali,
ta ɗaya, ta biyu, ta uku,
ta zo ga ta maƙogwaron ta yi tari.
Na yi kamar ina barci.
Saura kwana goma sha tara,
har yanzu ban iya naɗe taswirar yadda ta zo ba.