Famfon Jirgin Jidda

Tun asuba nake durƙushe a cikin jirgin Jidda,
a gaɓar Shari, ƙasan kasuwar Balangwa.
Famfo na tari kamar tsoho mai asma,
yana zuƙar iska, ruwa ya ƙi tasowa.

Na kwance tiyo, na busa da baki,
sai ga ƙayar karfasa da taɓo.
Na ce an gama.
Ashe da saura.

Ƙarƙashin tankin ruwan zafi,
ɗis, ɗis, a kan katako,
kamar mai bin bashi a bakin ƙofa.
Na kai yatsa, ya ƙone ni.
Tsatsa ta cinye gindin tun bara.

Jidda na ƙirga buhunan banda:
"Kusiri nake son kwana gobe."
Na ce kawo gwangwanin madara da dalma,
da robar tsohuwar tayar keke.

La'asar sakaliya famfo ya tofo ruwan farko,
ja, mai warin mai.
Tankin kuwa ɗaure shi na yi, bai warke ba.
Na tara masa kwano,
na ce wa yaron jirgi: in ya cika ka zubar,
kada ka faɗa wa kowa sunan mai gyara.